Masu Bin Sawun Kalma: Daga Daren Malayu Zuwa Daren Kabi

Alhazan Indunusiya sun fi na kowace ƙasa yawa a Makka, don haka da wuya alhajin Birnin Kebbi ya gama aikin Hajji bai haɗa sahu da su ba. In ya kasa kunne bayan sallar lisha, zai ji suna ce wa juna "selamat malam". In mai karatu ne, ƙila har ya waiga, yana zaton da shi ake. Ba da shi ake ba. A harshen Malayu, wanda ake yi a Maleshiya da Indunusiya da Burunai, "malam" dare ne, kuma barka da dare suke yi wa juna. Abin bai tsaya nan ba: "mata" a bakinsu ido ne, "mati" kuwa mutuwa.

Sabon shiga a sha'anin harsuna irin wannan ne ke ɗauke masa hankali. Kafin a ce kwabo ya ƙulla labari: ai malamai da dare suke tashi nafila, shi ya sa; ai "mati" da "mutu" abu guda ne, ashe mu da su dangi ne. To, akwai mutanen da sana'arsu ita ce hana kansu wannan gaggawa, su ne masu bin salsalar kalma, kuma ban san wani fannin ilimi da ya riƙe karin maganar nan ta kama da wane ba wane ba ce da hannu bibbiyu kamar nasu ba. Za su gaya maka "malam" ɗinmu daga "mu'allim" na Larabci ya fito, nasu kuwa daga wata tsohuwar kalma ce, "alem", mai nufin dare da duhu, wadda kakanninsu ke faɗi tun Musulunci bai isa tsibiran ba. "Mutu" na Hausa ɗan'uwan "mata" na Larabci ne na haƙiƙa, wato ya mutu, kuma yana da 'yan'uwa a harshen Buzaye da Ibrananci da tsohon harshen Masar. "Mati" na Malayu dace ne kawai. Abin dariyar shi ne, a gaisuwar nan, kalmar da alhajinmu bai kula da ita ba ita ce ta gida: "selamat" da salama da sallama duk daga Larabci suke.

Ta yaya suke rarrabewa, alhali kunne ba ya rarrabewa? Sirrin guda ne. Sauti ba ya sauyawa a kalma ɗaya shi kaɗai. In wani baƙi ya juye a bakin wata al'umma, to yakan juye a duk kalmomin da ya zauna a irin wannan gurbi. Saboda haka gwani ba ya neman kalma biyu masu kama. Yana neman bambanci ne mai maimaita kansa.

Wani Baholande, Herman van der Tuuk, wanda aka haifa a Malaka a 1824 ya rasu a 1894, shi ne ya fara nuna wannan sarai a dangin Malayu. Ya lura jijiya "urat" ce a Malayu, "ugat" a harshen Tagalog na Filifin, "uhat" a harshen Ngaju na tsibirin Borniyo. R a nan, g a can, h a gaba, kuma haka abin yake tafiya a kalma bayan kalma. Da wannan mabuɗi a hannu, in ka ji mutumin Manila ya ce wa dare "gabi", mutumin Iloko na arewacin ƙasar ya ce "rabii", ka san kalma ɗaya ce, ko da yake farkonsu ya bambanta. Daga baya Otto Dempwolff na Jamus ya tattara irin waɗannan ƙa'idoji cikin littafi mai juzu'i uku tsakanin 1934 da 1938, sannan Robert Blust na Jami'ar Hawai, wanda ya rasu a 2022, ya ƙarar da rayuwarsa yana gina ƙamus na kwatanta wannan dangi mai harsuna kimanin 1,200, daga Taiwan zuwa Niyuzilan.

Abin da suka gano game da dare yana da daɗin bi. Tushe uku ne manya. Na farko shi ne wanda ya ba da "gabi" da "rabii", kuma asalinsa yamma yake nufi. A Filifin ya zarce ya zama dare, a Samowa kuwa ya tsaya inda yake, "afiafi", maraice. Na biyu shi ne "alem" ɗin nan da ya haifi "malam". Ka tsallaka Tekun Indiya zuwa Madagaska, a gefen Afirka, za ka ji ana ce wa dare "alina". Kunne ba zai haɗa "malam" da "alina" ba. Amma shida a Malayu "enam" ce, a Madagaska "enina". Ƙarshen "-am" a can, "-ina" a nan, sau biyu, kuma misalan ba su ƙare ba. Da irin wannan hujja ce Otto Dahl, mutumin Norwe, ya nuna a 1951 cewa harshen Madagaska ya fi kusa da harshen Ma'anyan na kudu maso gabashin Borniyo. Mutanen da suka yi wannan doguwar tafiya cikin jiragen ruwa, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ba su bar wasiƙa ba. Kalmominsu ne suka ba da shaida.

Tushe na uku ya fi burge ni. A Jawa dare "bengi" ne ko "wengi", a wurin Batak na Sumatara "borngin", a Fiji ana furta shi "mbongi". Can ƙarshen teku, a Hawai da Samowa da wurin Mawori, ya lalace har ya koma gaɓa ɗaya tak: "po". Mai shakka zai ce, ina "bengi" ina "po"? Sai gwani ya je Tonga ya ɗauko kalmarsu ta safiya, "pongipongi", inda gaɓar da ta ɓace a "po" take nan zaune lafiya lau. Kalmar ta zaizaye a wuri ɗaya, ta bar cikakkiyar surarta a maƙwabciyarta.

Wannan dabara ta neman tsohuwar sura a jikin 'yar'uwar kalma, ba sai mun je Tonga ba. Tana nan a bakin kowane mutumin Argungu.

A 1928 wani Bajamushe, August Klingenheben, ya buga bincike a kan abin da ke faruwa da baƙi in ya zo ƙarshen gaɓa a Hausa. Ya ga k da g sukan narke su zama u. Shi ya sa muke da talaka amma talauci, Bugaje amma Buzu, ɓakane amma ɓauna, zukata amma zuciya. Yaro ɗan firamare ya san jam'in zuciya zukata ne, sai dai bai taɓa tambayar daga ina k ɗin ya faɗo ba. Bai faɗo daga ko'ina ba. Yana cikin tilon tun asali, ya narke, jam'in ya riƙe shi. Wannan sauyi ya game Hausa duka. Amma akwai na biyu, na baƙaƙen leɓɓa, b da m da f, wanda ya ci Kano da gabas bai ƙetaro yamma ba. Bakano ya ce zauna, Bakabe ya ce zamna. Can sauka, nan sabka. Can auduga, nan abduga. Can sauro, nan sabro. Can ƙauna, nan ƙamna. Can aure, nan amre. In wani ya yi gardamar wace ce ta fari, a tambaye shi sunan matar da aka kawo ɗaki. Ko a tsakiyar Kano amarya ce, da m ɗinta, ba a taɓa jin "awarya" ba. Haka ɗiya, wadda ta tsuke ta zama 'ya a gabas, da halshe, wanda l ɗinsa ke haɗa shi da "lisan" na Larabci da "iles" na Buzaye.

A nan ina da ƙorafi. Shekara da shekaru masu wasan kwaikwayo da finafinai sun mai da Sakkwatanci da Kabanci harshen ban dariya, wanda ake sa wa bakin baƙauye. Yaran Birnin Kebbi da suka je makaranta a gabas sukan goge "zamna" daga bakinsu kafin zangon farko ya ƙare. Daidaitacciyar Hausa tana da amfaninta, ba ni musu. Da ita muke rubutu mu fahimci juna daga Agadas zuwa Kumasi. Amma duk wanda ya buɗe babban nahawun Hausa na Paul Newman na shekarar 2000, ko ƙamusun Bargery na 1934, zai ga masana in suna son sanin yadda Hausa take a da, yamma suke fuskanta. Abin da ake yi wa dariya shi ne hujjar.

Mu koma ga dare. Bahaushe ya yanka shi gunduwa-gunduwa: magariba, lisha, tsakar dare, sulusin dare, asuba, alfijir. In gwani ya jera su, abu na farko da zai gani shi ne hawa biyu ne. Dare kansa, da duhu, da wata, da tauraro, da kwana, na gida ne, babu wanda ya yi kama da "lail" na Larabci. Sunayen lokutan kuwa kusan duk da salla suka shigo. Kuma sun shigo da wata alama a goshi. Lisha "al-isha" ce, l ɗin "al" ya manne mata. Haka la'asar, haka liman, lahira, lafiya, labari, laifi. A asuba da azahar, l ɗin ya riga ya narke cikin baƙin da ke binsa tun a Larabcin, sai a ɗin ya rage. Joseph Greenberg, wanda ya yi bincike a ƙasar Kano, ya nuna a 1947 cewa kalmomin Larabci sun shigo Hausa a zubi biyu: na farko daga bakin fatake da mutanen Arewacin Afirka, da "al" ɗinsu a manne, na biyu daga littattafan malamai. Malayu ma ta ari waɗannan kalmomi, amma tsirara: "isyak", "asar", "subuh", "imam", "akhirat", "kabar". Kalma ɗaya, addini ɗaya, hanya daban. Tamu ta biyo rairayin Sahara, tasu ta biyo jiragen Tekun Indiya, kuma harafi guda ya isa ya nuna hakan.

Akwai wani harafin da ya fi wannan ban mamaki, wato lodi, wanda Larabawan yau ke furtawa kamar d mai kauri. Almajirin zaure a Gwandu ko Jega ya tashi yana jin "Walluha", yana cewa alwala, farilla, alƙali, lalura, lamiri, Ramalan, walaha. Masu sabon tajwidi sukan ɗauki wannan a matsayin kuskuren tsofaffi. Gwanin tarihin harshe ba zai yi saurin yanke hukunci ba. Zai tuna cewa Sibawaihi, limamin nahawu na ƙarni na 8, ya siffanta mafitar wannan harafi daga gefen halshe, kusa da inda l ke fita. Sannan zai duba nesa. A Sifen, alƙalin Larabawa ya zama "alcalde", da l a ciki. A Malayu, "fard" ya zama "perlu", wajibi, "rida" ya zama "rela", yarda. Kebbi da Andalus da Sumatara ba su haɗa baki ba. In wurare uku masu nisa haka suka ji l a harafi ɗaya, to l ɗin yana cikin furucin waɗanda suka kawo shi. Yadda ya kamata a karanta Alƙur'ani magana ce ta malaman ƙira'a, ba tawa ba. Abin da nake cewa kawai, "alwala" tana ɗauke da tarihin da ya girmi masu gyara ta.

Ba na jin wannan fasaha baƙuwa ce ga ƙasar Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya jagoranci rundunar da ta ci Birnin Kebbi a 1805, bayan tafsirinsa Liya'ut Ta'awili ya bar Bahrul Muhiɗ a nahawu da Hisnur Rasin a sarfu. Sarfu kuwa mene ne in ba koyon tuɓe wa kalma riga ba, har a kai ga baƙaƙenta uku na asali, a gane wawun da ya koma alif, a gane harafin da aka shafe da dalilin shafe shi? Ɗalibin da ya san "ƙala" asalinta "ƙawala" ce, ya riga ya san rabin abin da Klingenheben ya yi da zuciya da zukata. Bambancin shi ne mai sarfu yana aiki a cikin harshe ɗaya, mai kwatance yana jera harsuna da yawa. Hankalin iri ɗaya ne, irin na masuncin Argungu da ke kwance a kan gora a Matan Fada, yana gane abin da ke ƙasa daga motsin da ya gani a saman ruwa.

Kwarin Rima wuri ne da ya dace da wannan aiki, domin harsuna sun yi cincirindo a cikinsa. A zamanin Kanta, a ƙarni na 16, Kabi tana tsakanin ƙasar Hausa da daular Sangai. A yau, daga Argungu zuwa Kamba zuwa Illo, za ka ji Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dandanci da Kyanganci. Ka gangara Zuru da Yawuri ka ji na Dakarkari da Kambari da Gungawa. Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gwandu da Birnin Kebbi a 1853 a hanyarsa ta zuwa Tumbutu, kuma cikin abubuwan da ya buga bayan ya koma gida akwai jerin kalmomin Hausa da Barbarci da Fulatanci da Sangai gefe da gefe. Hausawa da Fulani da Zabarmawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin kasuwa ɗaya, suna auratayya, suna salla a sahu ɗaya. Alfijir ɗinmu shi ne "fajiri" na Bafulatani, shi ne "alfazar" na Bazabarme. Amma da ka zo kan dare, kowa ya koma gidan ubansa: Bahaushe ya ce dare, Bafulatani ya ce "jemma", Bazabarme ya ce "cin".

Ba a banza ba. Mutum yakan ari sunan abin da ya zo masa daga waje, kamar agogo ko alƙalami ko lokacin salla. Ba wanda ya jira fatake su kawo masa duhu. Morris Swadesh ya sa dare cikin jerinsa na kalmomi 100 da ba su cika sauyawa ba. A 2009 kuma wani babban bincike ƙarƙashin Martin Haspelmath da Uri Tadmor ya auna kalmomin aro a harsuna 41, har da Hausa da harshen Indunusiya da na Madagaska, kuma dare ya sake fitowa cikin kalmomi 100 da suka fi ƙin aruwa. Shi ya sa mai neman dangantakar harsuna yake fara tambaya da dare da ruwa da wuta da ƙashi, ba da sukari ko sabulu ba.

Saura nau'i ɗaya na kama, kuma shi ya fi wuyar sha'ani, domin ba a sauti yake ba, a tunani yake. Bahaushe da dare yake ƙirga rayuwarsa. Ina kwana, kwana biyu, kwanan wata, sauran kwana, ƙarar kwana. Mutumin Maleshiya in ya ce "semalam", wato dare ɗaya, jiya yake nufi. Mutumin Fiji yana kiran jibi da dare biyu. Ko Bature yana da kalmar mako biyu da asalinta dare goma sha huɗu ne. Wannan ba gado ba ne, ba aro ba ne. Duk mutanen da ke duban wata don sanin lokaci za su iya isa nan da ƙafarsu. Amma ga wani kusa da shi wanda hukuncinsa daban: daren Juma'a a Birnin Kebbi shi ne daren da ke bin yinin Alhamis, kuma "malam Jumaat" a Kuwala Lumfur haka yake nufi daidai. Wannan kam daga tushe ɗaya ne, lissafin Musulunci da ke fara rana daga faɗuwarta. Abu biyu masu kama da juna, a fage ɗaya, ɗaya kowa ya ƙago nasa, ɗaya an koya daga malami guda. Raba su shi ne gwanintar.

Inda aka fi jarraba haƙurin gwani shi ne sunayen garuruwa, domin a nan kowa malami ne. Ana ba da labari cewa sunan Argungu daga wani kira ya samo asali, na a taru a yi gungu. Mai bin salsala ba zai raina labarin ba. Zai rubuta shi, domin yana nuna yadda mutanen gari ke kallon kafuwarsu. Sai dai ba zai karɓe shi a matsayin hujja ba tukuna. Zai lura gungu a bakin mutanen kogi tsibiri ma yake nufi, kamar yadda yake a sunan Gungawan Yawuri. Zai nemi yadda aka rubuta sunan a tsofaffin wasiƙun Gwandu da Sakkwato. Zai tambaya ko akwai wasu garuruwan kwarin da sunansu ya fara da irin wannan gaɓa, kuma wane harshe ake yi a wurin kafin Hausa ta mamaye.

Kayan aikin ba su da tsada. Ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da wayar hannu mai ɗaukar murya da jerin kalmomi 100, zai iya zama da tsofaffin masunta da makiyaya da mata masu sussuka, ya tambaye su abu guda a gari goma. Sharaɗin shi ne ya rubuta abin da ya ji, ba abin da aka koya masa a aji ba: in tsoho ya ce biyat, kada ya gyara masa zuwa biyar. Kuma dole ya sa alamar tsawon wasali da hawa da saukar murya, waɗanda rubutunmu na boko ba ya nunawa. A takarda "mata" ɗaya ce, amma a baki uku ce: matar mutum, da jam'in mace, da wadda ke cikin "na ba ta, na ce mata". Wanda ya kwatanta harsuna bai raba waɗannan ukun ba, zai iya haɗa kowace daga cikinsu da idon mutumin Malayu.